Kunna amfilifaya da siririyar waya mai ƙaramar wuta: shawara ga kwamitocin masallatai da masu gyara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana a kan yadda ake kunna amfilifaya da kashe ta a masallatai, makarantun Islamiyya, gidajen kallon ƙwallo da wajen masu ba da hayar kayan sauti. Ana yi wa abin kallon ƙarami, amma yana cin kuɗin jama'a, yana kuma ajiye wuta mai kisa a inda yara da tsofaffi suke sa hannu.

Tsarin da aka fi gani shi ne a kulle amfilifaya a akwatin ƙarfe ko ɗakin ajiya saboda ɓarayi, ladan kuwa yana can wani gefe. Sai a jawo doguwar wayar wuta mai 230V, a bi da ita gefen bango ko ƙarƙashin kafet tare da wayar makirufo, a sa mata makunni irin na fitila kusa da inda ake kiran salla. Wasu ko makunnin ba sa sawa, sau biyar a rana ake soka fulogi a zare. Duk wanda ya duba irin wannan soket bayan wasu watanni zai ga bakin ramukansa ya yi baƙi, robar ta fara narkewa, in ya taɓa bayan salla ya ji ɗumi. Ga kuma ƙugin da ke fita daga lasifika, wanda sau da yawa haɗa hanyar wayar wuta da ta makirufo ne ke jawo shi.

Me ya sa makunnin ke ƙonewa alhali an rubuta masa amfiya 10? Mutane suna lissafi ne da rubutun bayan amfilifaya. Mai wat 500 a wutar 230V ba ta jan abin da ya wuce amfiya 2 da ɗan wani abu, sai a ce makunni ya isa har da saura. Lissafin daidai ne in ta riga ta tashi tana aiki. Ɓarnar tana faruwa ne a ƙiftawar ido ta farko. Manyan amfilifaya da yawa suna da taransifoma mai siffar zobe, kuma in ka auna koyil ɗinta, wato naɗin wayarta, na ɓangaren wutar gari da mitar awo za ka ga ƙarfin tare wutarsa bai kai ohm 5 ba. Wutar da muke kira 230V kuwa ƙololuwarta tana kai 325V. In kunnawar ta faɗo a lokacin da bai dace ba, ƙarfen taransifomar yana cika da maganaɗisu ya kasa tare wuta, babu abin da ya rage sai waɗannan 'yan ohm ɗin. A ce 4 ne, 325 a raba 4 ya haura amfiya 80. Ga kuma manyan kafasita, wato ma'ajiyar wuta, masu 10,000µF da suke wayam, suna zuƙar wuta da ƙarfi kafin su cika. Abin ba ya wuce ɗan ɓangare na daƙiƙa, amma a daidai lokacin ne ƙarafan makunni suke haɗuwa suna ɗan tsalle, kowane tsalle da tartsatsinsa. Kullum tartsatsin yana cin fuskar ƙarfen, haɗuwar tana raguwa, zafi yana ƙaruwa.

Maganin shi ne a raba aikin biyu: hannu ya ba da umarni da ƙaramar wuta, rile, wato makunnin da wuta ke kunna shi, ya ɗauki nauyin babbar. Kamar dai attajiri ne da ke aiken yaro ya kira ɗan dako, yaron saƙo kawai ya kai, buhun ba a kansa yake ba. Rile yana da ɓangare biyu da ba sa taɓa juna. Akwai koyil, wanda in ya sami 12V yake zama maganaɗisu. Akwai baki, wato 'yan ƙarafan da maganaɗisun ke jawowa su haɗu babbar wuta ta wuce. Rilen yana zaune a akwatinsa kusa da amfilifaya, abin da zai je wurin ladan siririyar waya ce mai 12V, wadda ko an taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala ba abin da zai faru.

Kafin a sayi komai a fara duba bayan amfilifayar. Wasu, musamman na sauraron gida, suna da ɗan rami irin na abin sauraro na kunne, mai milimita 3.5, an rubuta 12V a gefensa. Wannan tana da nata rile a ciki, waya kawai take buƙata, tsinin kan wayar shi ne +, jikinsa kuma −. A kuma duba makunninta. In irin wanda ake dannawa ya zauna ne, sai a bar shi a kunne, rilen waje ya riƙa yin aikin. In kuwa maɓalli ne mai laushi da ke sa ta barci, to ko an ba ta wuta daga waje ba za ta tashi ba sai an danna shi, duk abin da za a haɗa a banza ne.

Daga ina ƙaramar wutar za ta fito? A masallaci hanya mafi sauƙi ita ce adafta mai 12V da amfiya 1, irin wadda aka rubuta mata 100 zuwa 240V. Ita muka fi so saboda ko wuta ta yi rauni tana riƙe 12V ɗinta, saɓanin tsohuwar mai nauyi da ke sauka tare da wutar gari. Wayar + ta adafta ta tafi wurin ladan, ta bi ta makunni, ta dawo koyil, ɗaya ƙafar koyil ta koma − ta adafta. Yana da kyau a sa ƙaramar fitilar LED da rezista 2.2k a wurin makunnin don ladan ya san amfilifaya na kunne, sai dai wannan yana buƙatar waya ta uku ta −. A nan ba a buƙatar taranzista, ɗan abu mai ƙafa uku da 'yar wuta kaɗan ke buɗe shi wadda ta fi ta yawa ta wuce, domin adafta tana da ƙarfin da ya fi na koyil nesa ba kusa ba.

Taka-tsantsan yana zuwa ne idan umarnin daga wata na'ura zai fito. Ramin 12V na na'urorin sauti na gida yawanci 100mA ko 150mA yake bayarwa, wasu 25mA kacal, kuma amfiya ɗaya 1000mA ce. Ramin USB na talabijin 5V ne, wasu talabijin ɗin kuma ba sa ɗauke shi in an kashe da rimot, a gwada da mitar awo tukuna. To sai a duba cin koyil. Shuɗin rilen nan SRD-12VDC-SL-C da ya cika kasuwa koyil ɗinsa ohm 400 ne, yana jan 30mA. Ɗan'uwansa na 5V ohm 70 ne, yana jan kusan 71mA. Babba mai amfiya 30, irin SLA-12VDC, yana jan kusan 75 zuwa 80mA. Rilen mota kuwa wajen 150mA yake ci. Wanda ya ɗora rilen mota kai tsaye a ramin da aka rubuta wa 100mA, ko dai rilen ya ƙi kamawa, ko kuma ya ƙona abin da ke bayan ramin, gyaran da ya fi tsadar rile sau da yawa. Mu a ganinmu, duk lokacin da cin koyil ya wuce rabin abin da ramin ke bayarwa, a sa taranzista.

Ga yadda ake haɗawa. Wutar koyil daga adaftar 12V za ta fito. Ƙafar koyil ɗaya ta je + ta adafta, ɗayar ta je ƙafar C ta taranzista BC337, ƙafar E ta je −. Wayar umarni ta bi ta rezista 4.7k ta shiga ƙafar B, a kuma sa wata rezista 47k tsakanin B da E domin kada doguwar waya ta kwaso wutar iska ta kunna rile da kanta. Ɓangaren − na na'urar da ke ba da umarni dole ya haɗu da − na adafta. A wannan tsari abin da ake ja daga ramin umarni 2.4mA ne kawai: a cire 0.7 daga 12, a raba da 4,700. Ya isa ya buɗe taranzista sosai ga koyil mai 30 zuwa 45mA. In koyil mai 150mA ne, ko rile biyu aka haɗa, a mayar da rezistar 1k, ta ba da kusan 11mA. In umarnin 5V ne, 1k ɗin dai za a sa ga ƙaramin rile. BC337 tana ɗaukar 800mA, BC547 kuwa 100mA ce iyakarta, don haka kada a musanya su don kawai sun yi kama.

Ƙafafuwan taranzista suna ba sababbin masu koyo wahala. In ka fuskanci shafaffen gefen, ƙafafu na kallon ƙasa, BC337 da BC547 daga hagu C, B, E suke. C945 da ake cirowa daga tsofaffin rediyo E, C, B take. 2N3904 kuma E, B, C. Ukun duk baƙaƙe ne, girmansu ɗaya. A gwada da mitar awo kafin a sa dalma.

Sai dayod, mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, wanda shi ne aka fi mantawa. Lokacin da aka yanke wa koyil wuta, maganaɗisunsa yana rushewa ya harbo wuta ta baya da kan kai ɗaruruwan bolt, BC337 kuwa 45V take iya jurewa. Dayod 1N4007 ɗaya a kan ƙafafun koyil biyu yana shanye wannan. Gefen da ke da farin zobe ya kalli +. In aka juya shi, da zarar taranzista ta buɗe sai wutar adafta ta zuba ta cikinsa kai tsaye, taranzista ta mutu nan take. In kuma ba a sa shi ba, abin zai yi aiki kwana ɗaya ko wata ɗaya, wata rana taranzista ta huje, rile ya kama ya ƙi saki. Ko a tsarin ladan mai makunni kawai a sa dayod ɗin, yana hana ƙarar "ƙas" shiga makirufo.

Akwai lokacin da haɗa − na na'urori biyu ke kawo ƙugi a lasifika, saboda an buɗe wa wuta hanya ta biyu ban da ta wayar sauti. Nan ne PC817 ke da amfani. Ɗan baƙin abu ne mai ƙafa huɗu, a cikinsa fitila ce ke haska taranzista, babu waya tsakaninsu, ana samunsa a cikin matattun caja da yawa. Ƙafa ta 1, mai ɗigo a gefenta, ta karɓi + na umarni ta rezista 2.2k, ƙafa ta 2 ta je − na umarni, kusan 5mA ke nan. Ƙafa ta 4 ta je + ta adafta, ta 3 ta bi rezista 4.7k zuwa B. Fitilar ciki ba ta jure fiye da 6V ta baya, saboda haka a gitta mata dayod 1N4148, zobensa a ƙafa ta 1, ko da wani ya juya waya. In rilen babba ne, maimakon BC337 a sa IRFZ44N da masu gyaran inbata suka sani, ƙafafunta G, D, S daga hagu: ƙafa ta 3 ta PC817 ta shiga G, rezista 10k tsakanin G da S, koyil a D, S a −.

Yanzu ɓangaren babbar wuta, wanda a kansa muka fi damuwa. Amfiya 10 da aka rubuta a jikin shuɗin rile ta kaya ce irin hita, wadda ba ta fizgar wuta a farko. Ga amfilifaya ƙarama, wat 100 zuwa 150, zai yi. Daga nan zuwa sama a nemi mai amfiya 16 ko 30, in da hali wanda takardarsa ta nuna alamar TV-5 ko TV-8, domin waɗannan an gwada su da fizgar farko ta amfiya 78 da 117. Bakin da aka yi da haɗin azurfa mai suna AgSnO2 ya fi jure tartsatsi ba tare da mannewa ba. Rilen da ya yi ƙanƙanta ba ya nuna alama a ranar farko, sai wata rana a kashe makunni amfilifaya ta ci gaba da aiki, bakin ya yi walda da kansa. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Wayar wuta, mai ruwan ƙasa ko ja a tsohon tsari, ta fara bi ta fiyus, sannan ta shiga ƙafar bakin rile mai alamar COM, ta fita ta NO, wadda ba ta haɗuwa da COM sai rile ya kama, zuwa soket ɗin amfilifaya. Fiyus ya zama mai harafin T, wato mai jinkiri, girmansa daidai da wanda ke jikin amfilifayar, in ba haka ba fizgar farko za ta riƙa cinye shi. Wayar ƙasa mai kore da rawaya ba ta bi ta rile ko makunni, ta wuce kai tsaye, in akwatin ƙarfe ne a ɗaure ta da jikinsa. Muna ba da shawarar a yanke wayar wuta da shuɗiyar wayar da wuta ke komawa ta cikinta duka biyu, da rile mai baki biyu ko rile biyu da aka haɗa koyil ɗinsu. Dalili kuwa soket da yawa an juya musu waya tun wajen haɗa wutar gini, fulogi mai ƙafa biyu irin wanda ake yawan gani a Nijar kuma ta kowane gefe yana shiga. In rile ya yanke shuɗiya kaɗai, amfilifaya za ta mutu amma cikinta cike yake da wuta. Wayar ta zama tagulla ta gaske mai kaurin 1.5mm², ba irin mai fentin tagulla a kan alminiyam ba.

Kada a ɗora 230V a kan allon nan mai layukan tagulla da ramuka. Ratar da ke tsakanin layukansa ba ta kai milimita ɗaya ba, alhali ana so a bar milimita 6 zuwa 8 tsakanin babbar wuta da ƙarama. Ƙurar hunturu ta kwanta a kai, laimar damina ta biyo, wuta ta fara rarrafe ta bar baƙin layi, daga nan 230V ta sami hanyar zuwa makunnin ladan. In dole ne a yi amfani da allon, a kankare layukan da ke kewayen bakin rile gaba ɗaya, a haɗa da waya mai rufi. A toshe ramukan akwati ma. Tsaka da kyankyaso suna son ɗumin adafta, kuma masu gyara sun saba buɗe akwati su tarar da busasshiyar tsaka kwance a kan ƙafafu biyu.

Don rage tartsatsi ana sa kafasita 100nF mai alamar X2, wato wadda aka yi don wutar gari, a jere da rezista ohm 100. Wasu suna gitta su a kan bakin rile, amma a wutarmu mai 50Hz wannan yana barin kusan 7mA tana ɗiga ko rile na kashe. Ta isa ta kunna abin gwajin wuta, ta sa fitilar wasu amfilifaya ƙiftawa, ta kuma ja mai gyara. Gara a gitta su a ɓangaren fita, tsakanin wayoyin da ke zuwa soket. Kafasitar da ba X2 ba kada ta kusanci wutar gari.

Amfilifayar da ke sa fitilun ɗaki su dushe in an kunna ta tana buƙatar tashi a hankali. Manya da yawa suna da wannan a ciki, za ka ji "ƙas" ɗaya jim kaɗan bayan kunnawa. Wadda ba ta da shi, a sa rezista uku masu ohm 150 da wat 5 gefe da gefe, su ba da ohm 50, a hanyar wayar wuta bayan rile na farko. Wannan yana tsayar da fizgar a ƙasa da amfiya 7. Rile na biyu kuma ya tsallake su bayan kamar kwatan daƙiƙa. A manna musu fiyus mai yankewa da zafi, domin in rile na biyu ya ƙi kamawa rezistocin za su yi ja su kama wuta. Akwai baƙin faifan nan NTC da ke yin aikin shi kaɗai, yana tarewa in yana da sanyi, ya saki in ya yi zafi. Aibinsa a wurinmu shi ne in aka ɗauke wuta aka dawo da ita cikin daƙiƙa biyu, ko aka juya daga wutar gari zuwa janareta, yana nan da zafinsa, bai tare komai ba.

Rile marar motsi da ake kira SSR ba ma ba da shawararsa ga amfilifaya mai taransifoma. Yawancinsu suna kunnawa ne daidai lokacin da wuta ke ratsa sifiri, wanda shi ne lokacin da taransifoma ta fi fizga. Suna ɗigar da wuta a kashe, suna fitar da zafin wat ɗaya ko fiye a kan kowace amfiya, ga jabu ya yi yawa. Kwantakta mai koyil 230V tana da ƙarfi, amma an yi ta ne ta kama daga kashi 85 cikin 100 na wutarta, kusan 195V. A unguwar da wuta ke sauka ƙasa da haka sai ta yi ta kakkarwa har koyil ya ƙone. Rile mai koyil 12V a bayan adafta mai kyau ba ruwansa da wannan.

Ƙa'idar masu sauti ita ce amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa. In ta riga miksa, na'urar haɗa sauti, tashi, bugun da miksa ke yi zai fita ta lasifika da dukkan ƙarfinsa, kuma irin wannan bugu ne ke kashe ƙaho da ƙananan lasifika. NE555, ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas da ke ƙirga lokaci, yana kawo jinkirin da ake so. Ƙafa ta 8 da ta 4 su je + na wutar da ta dawo daga makunni, ta 1 ta je −. A haɗa ta 2 da ta 6, a sa kafasita 22µF daga + zuwa gare su, rezista 100k daga gare su zuwa −. Ƙafa ta 3 ta bi rezista 4.7k zuwa B. Jinkirin 1.1 ne sau rezista sau kafasita: daƙiƙa 2.4 da 22µF, 5.2 da 47µF, kusan kwatan daƙiƙa da 2.2µF, wanda shi ne na rile na biyu da muka ambata. A gitta 1N4148 a kan rezistar 100k, zobensa wajen ƙafa ta 2 da ta 6, don kafasita ta zubar da wuta da sauri a sake samun jinkirin in an kashe an kunna. Masu haya da ke da amfilifaya uku ko huɗu su ba kowace nata rile da jinkiri daban, janareta zai ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya shaƙe ba. Wajen kashewa kuma, amfilifaya tana riƙe wuta a kafasitocinta na 'yan daƙiƙu, saboda haka a jira ta yi shiru kafin a kashe miksa.

Masallatai da yawa yanzu da batir da sola suke kiran salla, da amfilifaya irin Ahuja masu karɓar batir. Nan amfanin rile ya fi fitowa fili. A ce amfilifaya tana jan amfiya 10, makunni kuma yana nisan mita 15, tafiya da dawowa mita 30. Waya mai 1.5mm² a wannan tsawo ohm 0.35 ce, za ta cinye 3.5V, batir mai 12.5V ya iso a 9V, murya ta dinga shaƙewa ana zargin batir. In aka ajiye rilen mota mai amfiya 30 ko 40 kusa da batir da gajeriyar waya mai kauri, siririyar waya mai 0.5mm² ta kai umarni, abin da zai ɓata bai kai 0.2V ba. Lambobinsa a jiki suke: 30 daga batir ta babban fiyus, 87 zuwa amfilifaya, 86 daga makunni, 85 zuwa −, zoben dayod a 86. Siririyar wayar ma a sa mata fiyus mai amfiya 1 a gindin batir, domin batir ba ya tausaya wa waya in ta haɗe. In amfilifayar mai 24V ce a nemi rilen babbar mota mai 24V. Amma kada a sa rilen mota a wutar 230V, ba a yi ratarsa don ita ba. Haka kuma kada a sa ƙaramin rile a wutar farantin sola mai bolt da yawa, domin wutar gari tana ratsa sifiri sau 100 a daƙiƙa tartsatsi ya mutu, ita kuwa wannan ba ta yin haka, tartsatsin sai ya tsaya ya cinye bakin.

Ga 'yan'uwanmu masu rewaya: wayar umarni a rediyon mota ita ce shuɗiya mai farin layi. Shuɗiya zalla a rediyoyi da yawa ta eriya ce, tana mutuwa da zarar an bar tashar rediyo, shi ya sa wasu amfilifaya ke ɗaukewa in an koma USB. Littafin rediyon Pioneer ya ƙayyade mata 300mA. Amfilifaya ɗaya ko biyu ba matsala, amma in an ƙara fanka da fitilun ado a sa rile: shuɗiya mai farin layin a 86, 85 a jikin mota, 30 daga batir ta fiyus mai amfiya 5, 87 zuwa REM, wato wurin wayar umarni a jikin amfilifaya, da fanka. Babbar wayar amfilifaya ba ta bi ta wannan rile, daga batir take zuwa kai tsaye da fiyus ɗinta kusa da batir.

Gwaji kuma a bi shi daki-daki. A fara da 12V kaɗai, ba a haɗa wutar gari da baki ba, a ji "ƙas" a kunnawa da kashewa, mitar awo ta nuna COM da NO sun haɗu sun rabu. Rile na kame, a auna tsakanin C da E: 0.1 zuwa 0.3V ake so, in ya kai 2V taranzista ba ta buɗe sosai ba, za ta yi zafi, a rage rezistar B. Rilen 12V yana buƙatar aƙalla 9V kafin ya kama, in yana kakkarwa a auna a ƙafafun koyil ɗin kansu, ba a bakin adafta ba. Daga nan a rufe akwati, a sa ƙwan fitila a soket a gwada da wutar gari, sannan a kawo amfilifaya da ƙarar a ƙasa. Bayan rabin sa'a tana aiki a zare fulogi daga bango, a taɓa rile da wuraren ɗauri. Ɗan ɗumin koyil ba komai, amma ƙafar da ta yi zafi alamar sakakken ɗauri ce, a ƙara matse ta. In rile ya ƙi saki, a cire wutar koyil: in ya saki taranzista ce ta huje, a duba dayod, in bai saki ba bakin ne ya manne, a canza shi da wanda ya fi shi girma, a kuma sa masa rezistocin tashi a hankali. Kankare bakin da wuƙa ba ya gyara shi, yana cire masa rufin azurfa ne, ya sake mannewa da wuri.

Ɓangaren 12V kowane ɗalibi mai sha'awa zai iya haɗa shi a kan tebur. Ɓangaren 230V kuwa muna roƙon kwamitocin masallatai su ba wanda ya san aikin wuta, su kuma tsaya a kansa ya nuna musu fiyus da wayar ƙasa kafin ya rufe akwati.

Mun gode, Malam Edita. Wassalam.

Naku,
Wasu masu gyaran kayan sauti, Kano